Funfunar da ke Ɓuya Cikin Dogaran Jiki

 Ka sani, ya kai mai karatu, funfunar da ka ke gani a kan tuwon da ya kwana uku, ko a kan gyaɗar da aka adana ba ta bushe ba, halitta ce mai rai, tana kuwa da dangi masu yawa ƙwarai. Makeron da ke cin kan yara ma daga cikin danginta ya ke. Yawancinsu ba su iya zama cikin jikin mutum, gama zafin jiki, wanda ya ke wajen digiri 37, ya fi ƙarfinsu. Amma kaɗan daga cikinsu suna jure wannan zafi. A cikin waɗannan akwai wata da likitoci ke kira Kiriftokokas. Ita ce abin zancenmu yau, domin tana halaka mutane da yawa a Afirka, alhali kuwa yawancinmu ba mu taɓa jin ko sunanta ba.

A shekarar 1894 aka fara ganinta jikin mutum, cikin ƙashin ƙafar wata mace a Jamus. A 1955 wani masani a Amurka, Chester Emmons, ya nuna cewa tana yawaita cikin kashin tantabara. Ana samunta kuma cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace da kogon bishiya. In wurin ya bushe, iska ta tashi, sai ƙurarta ta bi numfashi ta sauka cikin huhu.

Dogaran da ke tsaron huhu

Huhu ba kango ba ne. Akwai waɗansu ƙwayoyi masu rai, daga jinsin fararen ƙwayoyin jini, da ke zaune cikinsa dare da rana suna tsaro. Likitoci na ce musu makirofaj, ma'anarsa mai yawan ci. Mu a nan sai mu kira su dogarai. Aikin dogari shi ne ya kama baƙon da ya shigo, ya haɗiye shi, ya kulle shi cikin wata 'yar jaka a cikinsa, sa'an nan ya zuba masa ruwa mai tsami da guba har ya narke. Mecnikof, mutumin daular Rasha, shi ya bayyana wannan aiki. A 1884 ya sa wani ɗan ƙwaron ruwa mai jiki garai-garai ƙarƙashin madubin likita, ya ga dogaransa suna rufar wa wata funfuna da ta shige shi. In dogarai sun rinjaya ƙwaron ya rayu, in funfuna ta rinjaya ya mutu. Ka ga ashe tun farkon wannan ilmi, funfuna ce abokiyar gabar da aka fara kallo.

Dabarunta guda huɗu

To, Kiriftokokas ba ta zo hannu sake ba. Dabararta ta farko, da zarar ta sauka huhu sai ta yafa wata riga mai kauri mai santsi, ta yadda dogari ba ya samun wurin kamawa. Da wannan riga ake gane ta a asibiti: akan ɗiga baƙar tawada cikin ruwan da aka ɗebo daga bayan majiyyaci, tawada ta baƙanta ko'ina sai rigar, sai a ga ƙwayar kamar wata da farin zobe kewaye da shi cikin duhun dare.

Ta biyu, waɗansu daga cikin ƙwayoyinta sukan kumbura cikin huhu har su ninka girmansu na asali sau goma ko fiye. Wanda ya fi ka girma kuwa ba ka haɗiye shi.

Ta uku, in dogari ya samu ya haɗiye ta, ba lalle ne ta mutu ba. Tsamin jakar bai dame ta ba, tana kuma yin wani baƙin launi a bangon jikinta wanda ke kashe kaifin gubar. Sai ta zauna cikin dogarin ta yi ta haihuwa, kurkuku ya zama gida.

Ta huɗu ita ce mafi ban mamaki. A 2006 masana a Amurka da Ingila, kowane ɓangare da aikinsa dabam, suka ga tana fita daga cikin dogari salin alin, ita da rai, shi da rai, ba wanda ya ji rauni. Dogari kuwa mai yawo ne, yana bin jini ko'ina, masu tsaron ƙofar ƙwaƙwalwa kuma ba su hana shi wucewa don sun san shi. Saboda haka masana ke ganin ɗaya daga cikin hanyoyin da ta ke isa ƙwaƙwalwa ita ce ta hau dogari ya kai ta, ta sauka. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Ina ta koyi wannan wayo, alhali ita 'yar ƙasa da juji ce? A cikin ƙasa akwai wata ƙaramar halitta, amiba, wadda ke haɗiye funfuna kamar yadda dogari ke yi. A 2001 aka nuna cewa dabarun da Kiriftokokas ke tsira da su daga amiba, su ne ta ke tsira da su daga dogaranmu. Watau ta daɗe tana koyon kokawa a fagen da ba namu ba.

Sai bango ya tsage

Mai karatu zai ce, in haka ne, me ya sa ba mu duka muka kwanta ba? Amsa ita ce dogarai suna da shugabanni, su ne ƙwayoyin da ake kira CD4. Su ke aika wa dogari saƙo ya ƙara kaifin gubarsa, su ke tara dogarai su kewaye funfunar su gina mata ganuwa. A nan ko ta mutu, ko ta kwanta barci shekaru ba ta cutar da kowa. Mutane da yawa sun shaƙe ta tun suna yara ba su sani ba.

Ƙwayar cutar ƙanjamau kuwa waɗannan shugabanni ta ke kashewa. Mai lafiya yana da CD4 daga 500 zuwa sama cikin ɗan ma'aunin jini da likitoci ke ƙirgawa da shi. In suka faɗi ƙasa da 200, balle ƙasa da 100, dogarai sun zama marasa umarni, ganuwa ta rushe, mai barci ta farka. Haka nan wanda aka dasa wa ƙoda, da wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin sitiroyid, har da masu shansu don neman ƙiba ba da izinin likita ba, duk garkuwarsu na raunana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In ta isa ƙwaƙwalwa takan kawo wani irin sanƙarau, amma dabam ya ke da na lokacin zafi. Wannan a hankali ya ke zuwa, ba a kuma ɗaukarsa daga mutum. Alamarsa ciwon kai mai naci na kwanaki ko makonni, da zazzaɓi, da amai, da dishi-dishin gani, da ruɗewar hankali, wuya kuwa ba dole ne ya sandare ba. Ƙididdigar da aka buga a 2022 ta ce masu ƙanjamau wajen 152,000 ke kamuwa da shi a shekara a duniya, wajen 112,000 su mutu, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A 2022 ɗin kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera funfuna iri 19 masu haɗari, ta sa wannan a sahun gaba.

Akwai wata mas'ala da ta kamata dangin majiyyaci su fahimta. In an gano sanƙarau ɗin, likita yakan fara da maganin funfuna, irin su amfoterisin da fulkonazol, ya jinkirta maganin ƙanjamau mako 4 zuwa 6. Wannan ba sakaci ba ne. In dogarai suka farfaɗo da gaggawa suka tarar ƙwaƙwalwa cike da abokan gaba, sai su tayar da yaƙi cikin ƙoƙon kai, inda babu wurin kumburi, yaƙin ya halaka mai gida. Gwajin da aka yi a Yuganda da Afirka ta Kudu, aka buga a 2014, shi ya tabbatar da amfanin wannan jinkiri. Ruwan bayan da ake zuƙewa a kai a kai kuma, rage matsin da ke cikin kai ne, kada a hana.

Nasiha

Mai ɗauke da ƙanjamau ya riƙe maganinsa kada ya yanke, gama shi ke tsare shugabannin dogarai. In CD4 ya yi ƙasa, ya nemi a gwada jininsa, akwai gwajin da ke gano ɓurɓushin rigar funfunar nan makonni kafin ciwon kai ya fara. Mai kiwon tantabaru ba sai ya kore su ba, amma ya yayyafa ruwa kafin shara, kada kuma a sa mai raunin jiki sharar ɗakinsu. Ciwon kan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikin mai raunin garkuwa, asibiti za a kai shi tun da wuri. Allah ya ƙara mana lafiya.