Wutar Tsohuwar Tarakta: Ƙaramin Gyara, Babbar Riba

Tun bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, sayen sabuwar tarakta ya fi ƙarfin matsakaicin manomi. Wannan ya sa masu ba da hayar taraktoci suka ƙara riƙe tsofaffin da ke hannunsu, irin su Massey Ferguson 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, da Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, da kuma Fiat da aka haɗa a Kano a shekarun 1980.

Injin waɗannan taraktoci yana da juriya. Abin da ya fi kwantar da su shi ne wuta, domin zafi da ƙura da ɓeraye sun daɗe suna cin wayoyinsu. Kaftu kuwa a farkon damina 'yan makonni ne kawai, saboda haka duk yinin da tarakta ta ƙi tashi kuɗin haya ne ya salwanta, mai gona kuma ya koma wajen wani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa sayen sabon batir ko kik kafin a auna. Ƙaramar mitar awon wuta ta isa ta raba gardama. Cikakken batir mai bolt 12 yakan nuna kimanin 12.6 idan inji na kashe. Idan inji na aiki, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau ba, laifin na wajen caji ne, kuma sau da yawa fambel ne ya saki. In kuwa batir na cike amma kik sai ƙara kawai yake yi, a duba kawunan batir da wayar da ke haɗa shi da jikin tarakta. Tsatsa a nan tana tare wuta, kuma kankarewa da ɗaurewa sun wadatar.

Akwai wani tarko da ya kamata mai saye ya sani. Yawancin taraktocin Ingila da Amurka na kafin tsakiyar shekarun 1960 kan batir mai alamar tarawa ne ake haɗawa da jikinsu, saɓanin na yanzu. Wasu ma, kamar Ford 8N, bolt 6 suke amfani da shi. Mai dinamo tana bukatar a daidaita mata alkiblar wuta bayan an sauya waya. Wadda aka sa wa altaneta kuwa, juya kawunan batir sau ɗaya ya isa ya ƙone ta, haka nan cire batir inji na aiki.

Ɗaure fiyus da guntun waya shi ma araha ce mai tsada. Fiyus yana tsinkewa ne don ya tsare sauran wayoyi. Idan aka hana shi, gobara ke biyo baya, ga kuma man dizal a kusa.

Shawara ga masu wannan sana'a ita ce su kira mai gyaran waya tun da rani, ya sauya wayoyin da suka tsattsage da masu kauri daidai, ya kuma zana taswirar haɗin a takarda a ajiye. Kuɗin wannan aiki bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da asarar mako guda a tsakiyar kaftu.