Aya: noma da ajiyar iri

Duk yaron da ya tashi a jihar Maraɗi ya san aya. Muna taunarta ɗanya, muna cin soyayya, muna shan kununta. Ana kuma daka ta da gyaɗa a yi dakuwa. Wanda ya bi babbar hanya da dari, daga Gidan Rumji ya wuce Maraɗi da Cadawa da Agiye har Gazawa, zai ga buhunan aya jibge a kasuwanni suna jiran motoci. Wasu Nijeriya za a kai su. Wasu kuwa za su ƙetare teku har Sipaniya, inda mutanen birnin Balansiya suke yin wani farin abin sha da aya, mai kama da kununmu.

Aya daɗaɗɗen abinci ne. An samu busasshiyar aya a cikin kaburburan mutanen Masar na dā, waɗanda suka shekara fiye da 3000.

Mene ne aya?

Ganyen aya kamar ciyawa yake, siriri, dogo. Ita da aya-aya ta fadama dangi ɗaya ne. Amma abin da muke ci ba a kan ganye yake ba, a cikin ƙasa yake. Gindin aya yana miƙa ƴan jijiyoyi ta kowane gefe. Ƙarshen jijiyar sai ya kumbura, ya tara zaƙi da mai. Wannan kumburin shi ne ƙwayar aya. Gindi ɗaya yakan yi ƙwayoyi da yawa, wani lokaci har fiye da 100.

Ku ɗauki ƙwaya ɗaya ku duba da kyau. Za ku ga zobe-zobe kewaye da ita, da ɗan tsini a kanta. A wurin tsinin nan idanun tsiro suke. Ƙwayar aya ko ta bushe ta yi tamoji, ba ta mutu ba. Barci take yi, tana jiran ruwa. Saboda haka abin da muke ci shi ne kuma irin da muke shukawa.

Neman iri

Manomanmu suna noma aya iri biyu: babbar aya da ƙaramar aya. Ba a gauraya su a gona ɗaya, don mai saye ba ya son gauraye.

Iri mafi kyau shi ne wanda manomi ya zaɓa da hannunsa daga gonarsa, domin ya san uwarsa. Wanda ba shi da nasa, sai ya nema wajen maƙwabcin da ya ga gonarsa da idonsa. In ya zama dole a saya a kasuwa, a duba da kyau. Iri nagari cikakke ne, yana da tauri da nauyi a hannu. Ba shi da huji, ba ya warin ruma. In an fasa ƙwayar, cikinta fari ne tas. Wadda cikinta ya yi baƙi ta lalace. Soyayyar aya kuwa ba ta tsirowa, wuta ta kashe idanunta.

Shuka

Aya tana son jigawa, wato ƙasa mai rairayi. A cikin laka ƙwayoyi ba su samun wurin girma, haƙarsu kuma wuya gare ta. Aya tana da ci ƙwarai. Kafin shuka sai a kai takin gida wanda ya ruɓe, a baza, a gauraya shi da ƙasa.

Ana shuka in damana ta zauna, a watan Yuni ko Yuli. A jiƙa irin a ruwa kwana ɗaya ko biyu, har ya kumbura. Wannan jiƙo shi ne yake tashe shi daga barci. A yi layi-layi, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin rami da rami. Zurfin rami kada ya wuce tsawon ɗan yatsa. Bayan mako ɗaya zuwa kwana 10 tsiro zai fito.

A yi noma da wuri, tun ciyawa ba ta fi ƙarfinta ba. A garkar gida ko ta makaranta, a keɓe wa aya nata fangali, domin ƙwayar da ta saura a ƙasa za ta tsiro baɗi a tsakiyar wata shuka.

Haƙa

Bayan wata 3 zuwa 4, ganye zai yi ja, ya kwanta, ya bushe. Aya ta nuna ke nan. A manyan gonaki manoma suna ƙone busasshen ganyen, su farfasa ƙasa, sannan a riƙa ɗibarta ana rairayewa a rariya. Rairayi ya zube, aya da tsakuwa su saura. Aiki ne mai ƙura da gajiya, maza da mata da yara duk suna da hannu a ciki.

Wannan haƙa tana wahalar da gona. Wuta ta cinye ganyen da zai zama taki, ƙasa kuma ta saki, iskar hunturu tana kwasarta. Shi ya sa ba a maimaita aya a wuri ɗaya kowace shekara. Bana aya, baɗi gero da wake. A kuma kiyaye ƴan itatuwan gawo da kalgo da aka bari a sassabe, kada wuta ta taɓa su. A ƙaramin fangali babu bukatar wuta. A yanke ganyen da lauje, a tara shi a ramin taki.

Ajiyar iri

Tsakanin haƙa da shuka akwai wata 6 ko 7. A cikin waɗannan watanni ne manomi yake samun gonar baɗi ko ya rasa ta. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Ranar da aka haƙa aya, ranar ake ware iri, tun ba a kai ko tiya ɗaya kasuwa ba.

Abokin gāba na farko shi ne laima. Ayar da aka zuba a buhu da sauran danshi za ta yi zafi, ta yi ruma, ta ruɓe. Sai a shanya ta a kan tabarma, ana motsawa, har ta riƙa ƙara in an girgiza ta a ƙwarya. Manoman Balansiya sukan yi wata 3 suna shanya tasu. Mu rana da iskar hunturu suna rage mana wannan aiki.

Na biyu su ne ɓera da gara da ƙwari. A zuba iri a buhu mai shan iska, a ɗora shi a kan itace cikin rumbu ko ɗaki, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ɗan kaɗan kuwa, a sa shi a busasshiyar tukunya, a rufe bakin. A riƙa dubawa kowane wata, a tsince wadda ta ɓaci.

Na uku ya fi su duka ƙarfi, shi ne bukata. Da kaka aya tana da araha, don kowa yana sayarwa. Da bazara, lokacin da kowa yake neman iri, sai ta yi tsada. Wanda ya sayar da irinsa saboda biki, ko yara suka taune shi kaɗan-kaɗan, ranar shuka zai gaya wa aya zaƙinta a kasuwa. Don haka wasu manoma suke haɗa kai. Suna tara buhunansu a ɗakin ajiya ɗaya, a kulle, su karɓi rance a kansu, sai aya ta yi daraja a buɗe.

Wata shuka mai wannan hali

A ƙasashen sanyi akwai wata fure da ake kira daliya. Asalinta daga Meziko ne, an kai ta Turai a 1789. Saiwarta kamar dankali take. In sanyin ƙanƙara ya kama ƙasa, saiwar takan mutu. Saboda haka masu lambu suna haƙe ta in sanyi ya fara ƙone ganye. Su shanya ta, su binne ta a busasshen rairayi cikin ɗaki, sai ɗumi ya dawo su sake dasawa. Su sanyi suke gudu, mu kuwa laima da ɓera da bukata. Amma aikin ɗaya ne: a tsare rai mai barci har lokacin tashinsa.

Tambayoyi

1. A ina ƙwayar aya take fitowa a jikin shukar?
2. Ta yaya ake gane iri nagari a kasuwa?
3. Me ya sa ba a maimaita aya a gona ɗaya kowace shekara?
4. Ku faɗi abubuwa uku da suke hana iri kai wa damana.

Aiki

Ku kawo ƙwayar aya 20. Ku jiƙa su kwana biyu, ku binne su a gwangwani mai rairayi, kuna ba su ruwa. Bayan kwana 10 ku ƙirga waɗanda suka tsiro. In manomi ya shuka 100 na wannan iri, nawa za su fito?