Horon Tausayi a Koyarwar Buda da Halin Yendi da Bawku

Wannan shiri ya duba yadda ake koyar da tausayi a addinin Buda, wanda ya samo asali daga Siddhartha Gautama, malamin da ya rayu a arewacin Indiya kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mabiyansa a Gana kaɗan ne, galibinsu kuma a kudu suke, amma tambayar da malamansu suka daɗe suna nazari a kanta sananniya ce a zangunan Salaga da Yendi da Bawku, wato yadda zuciya za ta iya tausaya wa wanda ya cuce ta.

A wajensu tausayi hali ne da ake samu ta hanyar horo da maimaitawa, kamar yadda almajirin maƙeri yake ƙwarewa da yawan dukan ƙarfe. Suna bambanta metta, wato fatan alheri ga duk mai rai, da karuna, wato jin zafin wahalar wani tare da son a yaye masa ita. Buddhaghosa, malamin da ya yi rubutu a Siri Lanka a ƙarni na 5, ya tsara matakan horon a littafinsa Visuddhimagga: mutum ya zauna a natse ya fara yi wa kansa fatan alheri, sannan malaminsa ko masoyinsa, sannan wanda babu so babu ƙi a tsakaninsu, daga ƙarshe abokin gabarsa. Ya hana a fara da maƙiyi domin fushi zai taso tun ba a je ko'ina ba, kuma a nan hikimar tsarin take, saboda bai ɗora wa wanda aka zalunta nauyin yafewa a rana ɗaya ba.

An ga amfanin wannan horo a Kambodiya, inda malamin Buda Maha Ghosananda, wanda gwamnatin Khmer Rouge ta hallaka danginsa, ya fara jagorantar tattakin zaman lafiya a 1992, yana ratsa yankunan da aka binne nakiyoyi.

Arewacin Gana ya san irin wannan ciwo. Yaƙin basasar 1892 ya watsa fataken goro daga Salaga. A Yendi an kashe sarki Ya Na Yakubu Andani II a watan Maris na 2002 a rikicin gidajen sarauta na Abudu da Andani, waɗanda tsatsonsu ɗaya ne, kuma sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya Na Abukari II, bayan doguwar sasantawar da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II ya jagoranta. A Bawku kuwa, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya faro tun shekarun 1950.

Sulhun fada yana warware batun wanda zai hau gadon sarauta, amma ba ya kai wa ga zuciyar matar da ta rasa ɗanta, alhali gobe za ta haɗu da dangin wanda ake zargi a kasuwa. Limaman zango suna da ayoyi da hadisai masu yawa kan rahama da afuwa, kuma abin lura a tsarin Buddhaghosa shi ne yadda ya raba aikin daki-daki, har ya tanadi hanyoyin kwantar da fushi idan ya taso a matakin ƙarshe, ciki har da tuna wani halin kirki guda na abokin gabar, ko aika masa da kyauta.