Gina Manhajar Kwamfuta da Kayan Aiki na Kyauta

Shirinmu na musamman na yau zai tsaya ne a kan magana guda: matashin da ke son gina manhajar da za ta zauna a cikin kwamfuta ta yi aiki kai tsaye, ba sai ya sayi lasisi mai tsada ko sabuwar kwamfuta ba. Kayan aikin suna nan kyauta, kuma misalin da za mu kafa hujja da shi shi ne Lazarus, manhajar da ake gina wasu manhajoji da ita.

Asalin maganar ya faro ne daga Pascal, yaren rubuta manhaja da Farfesa Niklaus Wirth na ƙasar Suwizalan ya fitar a 1970 domin koyar da ɗalibai rubutu mai tsari. A 1995 kamfanin Borland ya ɗora Delphi a kan wannan yare, ya sauƙaƙa gina manhajojin Windows, sai dai na kuɗi ne. Tun 1993 kuwa wani Bajamushe, Florian Klämpfl, ya fara Free Pascal, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa yaren da inji ke ganewa. A kan Free Pascal ne masu aikin sa kai suka fara gina Lazarus a 1999, suka ci gaba da gyara har fitowa ta 1.0 a 2012.

Ɗora Lazarus ba wani aiki ba ne mai wuya. Mai amfani da Windows zai sauke fayil guda daga shafin Lazarus, wanda ya haɗa komai a ciki. Mai Linux kuwa abu uku zai ɗora bi da bi: Free Pascal, sai tushen rubutunsa, sannan Lazarus. Da ka buɗe shi za ka tarar da taga fayau tana jiranka. Ka jawo maɓalli daga jerin kayan da ke sama ka ajiye a kanta, ka danna shi sau biyu, ka rubuta layi ɗaya da zai nuna gaisuwa, sannan ka danna F9. Nan take manhajarka za ta tashi. Kada girman fayil ɗin farko ya tsorata ka, bayanan neman kuskure ne suka kumbura shi. Ka cire su daga saitin aikin, zai sauko zuwa 'yan megabait kaɗan, ka kwafa a filashi ka kai wa mai shagon da zai yi amfani da ita.

Wannan ƙanƙanta ita ce ginshiƙin hujjarmu. Manhajoji da yawa na yau, irin su Slack da Discord, an gina su ne da Electron, wanda ke ɗauke da burauzar Chromium sukutum a cikin kowace manhaja, shi ya sa suke da nauyi kuma suke cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamar mutum ne ya ɗauko tirela don kai buhu ɗaya kasuwa. Kantin magani da ke lissafin kaya a tsohuwar kwamfuta, ko makarantar da ke haɗa sakamakon jarrabawa a garin da intanet ke yawan yankewa, abin da suke bukata shi ne manhaja mara nauyi da ke adana bayanansu a wurinsu. Lazarus tare da rumbun bayanai na SQLite, wanda shi ma kyauta ne, ya wadatar da wannan.

To, wani zai ce Pascal ya tsufa, masu ɗaukar aiki Python da JavaScript suke nema. Akwai gaskiya a nan, kuma mai neman aiki a babban kamfani lallai ya koye su. Amma wanda ya ƙware a yare mai tsari irin Pascal ba ya shan wahalar koyon na biyu, kuma mai shagon da aka warware wa matsalar lissafi ba ya tambayar da wane yare aka yi. Wani kuma zai ce abin kyauta ba ya ƙarko. Sai a duba PeaZip mai matse fayiloli, da Double Commander mai sarrafa su. Da Lazarus aka gina su, kuma jama'a na amfani da su shekara da shekaru. Mai tsoron cewa kyautar za ta hana shi ciniki kuwa ya kwantar da hankalinsa, domin lasisin ya ba shi damar sayar da abin da ya gina. Rubutun da ya yi a Windows ma zai iya sake haɗa shi a Linux ko macOS da gyara kaɗan.

Saboda haka kiranmu ga malaman kwamfuta da cibiyoyin koyar da sana'a shi ne su sauke Lazarus sau ɗaya, su raba wa ɗalibai, su ba su aikin da wani ɗan kasuwa na unguwa ke bukata da gaske. A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.