Kafin ka sari kaya mai arha, ka san wanda ke sayar maka

'Yan uwa 'yan kasuwa mazauna Birtaniya, musamman masu shagunan kayan abincinmu da masu harkar wayoyi, akwai wani ɓangare na harajin VAT da ke yawan kai mutane kotu, kuma ya kamata mu san shi tun kafin takarda ta iso.

Ga yadda tsarin yake. Duk wanda cinikinsa na wata 12 ya wuce fam 90,000 dole ne ya yi rajistar VAT, ya riƙa ɗora kashi 20 cikin 100 a kan kayan da doka ta ce. Amma kafin ya miƙa kuɗin ga hukumar haraji, wato HMRC, yana cire VAT ɗin da shi ma ya biya wajen sari. Ka sari lemon kwalba na fam 1,000, ka biya VAT fam 200. Ka sayar a kan 1,500, ka karɓi 300. To fam 100 kawai za ka ba hukuma. Mai shinkafa da gari da doya ba ya ɗora wa mai saye komai, tunda akasarin abinci harajinsa sifili ne, amma idan yana da rajista yana iya neman a mayar masa da VAT ɗin firijinsa da na gyaran motar kaya.

Wannan fam 200 ɗin da ka cire, a kansa rigimar take. Abu na farko da hukuma ke tambaya shi ne rasit na VAT, mai ɗauke da sunan mai sayarwa da lambar rajistarsa da kwanan wata da bayanin kayan. Irin guntuwar takardar da muka saba rubutawa da biro tsakaninmu ba ta wadatarwa.

Abu na biyu ya fi nauyi, don ko da rasit a hannunka ana iya hana ka. Asalinsa wata shari'a ce daga Beljiyam, ta wani kamfanin kayan kwamfuta, wadda ake kira shari'ar Kittel. A 2006 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa idan ɗan kasuwa ya san, ko ya kamata a ce ya san, cewa sayen da ya yi yana da alaƙa da zambar VAT, to ya rasa damar cire harajin. A lura, ba sai shi ne ya yi zambar ba. Wani can sama a jerin dillalai ya karɓi VAT, ya ɓace da shi, kai kuma da ka biya kuɗinka cif aka dawo kanka. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ba ta soke wannan ƙa'ida ba. Tun 2017 ma akwai tarar kashi 30 cikin 100 na kuɗin a kai, kuma ana iya bin daraktan kamfani shi da kansa.

Me ake nufi da ya kamata a ce ya sani? A 2010, a shari'ar Mobilx ta dillalan wayoyin hannu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta fayyace. Zato kaɗai bai isa ba. Sai an nuna cewa yanayin cinikin ba shi da wata fassara ta hankali sai zamba, kuma hukuma ce za ta kawo hujja. Wannan ya kare mai gaskiya, amma ban ga ya kare mai kau da kai ba. Alƙali zai duba abubuwan da kowane ɗan kasuwa ya san su: kaya sun zo ƙasa da farashin kamfanin da ya yi su, mai kawowa jiya ya buɗe, an ce ka tura kuɗin asusun wani daban, ko an haɗa ka da mai saye tun kafin ka ga kayan. Mu da muka girma a kasuwa mun san araha ba ta zuwa haka kawai, kuma cewa ɗan garinku ne ya haɗa ku ba hujja ba ce a gaban kotu.

Duba lambar VAT ta mai kawo maka kaya a shafin gwamnati na intanet kyauta ne. Ka yi, ka ajiye shaidar ranar da ka duba, tare da takardun kai kaya da na banki.

Idan takardar hana cirewa ta zo, kwana 30 gare ka ka nemi hukumar ta sake dubawa ko ka kai ƙara ƙaramar kotun haraji. Inda aka ce ana bin ka kuɗi, yawanci sai ka biya kafin a saurari ƙarar, sai dai in ka nuna biyan zai jefa ka cikin ƙunci. Ranar da takardar ta iso ka kai wa akawunka, kada ta kwana a aljihun kanta.