Sauri Daban, Isowa Kan Lokaci Daban

Duk sa'ad da mai sayar da waya ya yi mini alfahari da cewa furosesar wayarsa ƙwaƙwalwa takwas gare ta, nakan tuna da Ingenuity, ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da hukumar NASA ta Amurka ta aika duniyar Mars. Furosesar wayar salula aka sa masa, Snapdragon 801, mai ƙwaƙwalwa huɗu, wadda ke nazarin hotuna 30 da kyamararsa ke ɗauka a kowace daƙiƙa don ya san inda yake. Amma sarrafa fukafukai, aikin da ba ya jure jinkiri, ba a danƙa mata shi ba. Wasu ƙananan na'urori daban aka bai wa.

A tashinsa na shida, cikin Mayun 2021, hoto ɗaya tak ya salwanta. Sai duk waɗanda suka biyo baya suka zo ɗauke da lokacin da ba nasu ba. Jirgin ya yi ta tangal-tangal, yana karkata fiye da digiri 20, kafin ya sauka lafiya. Ƙarfin lissafi bai gaza ba, lokaci ne ya rikice.

Shi ya sa nake ganin ma'aunin 'yan talla bai dace da na'urar da ke kula da birkin mota ko tuƙin jirgin sama ba. Su matsakaicin sauri suke aunawa. Injiniya kuwa abin da ya dame shi shi ne jinkiri mafi muni, ko da sau ɗaya yake aukuwa cikin miliyan.

A nan ne yawan ƙwaƙwalwa ke zama ƙarfen ƙafa, domin duk ma'adanar bayanai ɗaya suke ɗiba, kamar mata huɗu a bakin rijiya da guga ɗaya. Wadda tukunyarta ke kan wuta dole ta jira mai wanki ta gama ja. Saboda haka masu ƙera na'urorin jiragen sama suka daɗe suna kashe sauran ƙwaƙwalen, su bar guda ɗaya tana aiki, asarar da suka gwammace a kan rashin tabbas. A 2016 ƙwararrun hukumomin sufurin sama suka fitar da takardar CAST-32A, wadda ta nemi a gano duk hanyar da wata ƙwaƙwalwa za ta iya tare wa 'yar'uwarta gaba. A wajen gwaji, da gangan ake sa sauran su dami ma'adanar da buƙatu ba ƙaƙƙautawa, sannan a auna ko aikin tuƙin zai iso kafin wa'adinsa ya cika.