Yadda sinadarin istrojin ke jan ragamar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu kula da haihuwa

A ƙwaƙwalwa ake tsara lokacin da mace za ta saki ƙwai. A wani sashe nata mai suna haifotalamus akwai ƙwayoyin jijiya da ke fitar da sinadarin GnRH kaɗan-kaɗan, wanda ke sa a saki sinadaran LH da FSH cikin jini domin su zaburar da gidan ƙwai ya samar da istrojin.

Daga nan istrojin ke komawa ƙwaƙwalwa, ya yi aiki iri biyu masu saɓa wa juna. A mafi yawan kwanakin wata yakan taka wa GnRH birki. Amma idan ya yi yawa ya kuma ɗore kusan kwana biyu, sai ya juya ya ingiza ƙwayoyin, LH ya hauhawa, ƙwai ya fita bayan kimanin awa 36.

Abin lura shi ne, akasarin saƙon nan ta hannun ɗan aike yake bi, wato ƙwayoyin da ke samar da sinadarin kispeptin. A shekarar 2003 masu bincike suka gano cewa mutanen da aka haifa da tawaya a wurin karɓar wannan sinadari ba sa balaga.

Wannan birki ne ƙwayoyin tazarar haihuwa masu ɗauke da istrojin ke amfani da shi. Shi kuwa maganin klomifen, da likitoci ke bai wa matan da ba sa sakin ƙwai, ɓoye wa ƙwaƙwalwa istrojin yake yi, sai ta zaci ya yi ƙaranci ta ƙara himma.